Shinitsel ɗin Viyana a kaskona: abin da nake rubutawa tun Oktoba

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yaran nan sun ishe ni da maganar shinitsel. Duk ranar da aka dafa shi a makaranta sai a ba su wani abu daban, su zauna suna kallon farantin 'yan ajinsu, su dawo gida da ƙorafi. Na yi musu alkawarin zan koya, kuma zan riƙa ajiye abin da ya faru a rubuce don in san inda na kwana.

Ga wanda bai san shi ba, nama ne ake yankawa fale-fale, a buge shi ya ƙara faɗi, a turbuɗa shi a fulawa, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin busasshen burodi, a soya. A nan Ostiriya shi ne girkin ranar Lahadi, shi uwa ke yi wa ɗanta in ya zo gida. Mafi yawan wanda ake ci a gidaje da ƙananan gidajen abinci na alade ne, saboda ya fi araha. Hatta Figlmüller, gidan abincin da baƙi ke yi wa dogon layi a tsakiyar Viyana, wanda ke nan tun 1905, shinitsel ɗin da ya yi suna da shi, mai faɗin da ke zarce faranti, na alade ne.

Na asalin kuwa na maraƙi ne. Bisa kundin ƙa'idojin abinci na ƙasar, abin da aka rubuta wa Wiener Schnitzel, wato shinitsel ɗin Viyana, zalla dole ya zama naman maraƙi. In na alade ne sai an faɗa a takardar abinci. Wannan dai bai buɗe mana ƙofar gidajen abinci ba. Akwai maganar yanka, ga kuma man suya: tsofaffin masu girki da kitsen alade suke soya har na maraƙin, kuma wurare da yawa mai ɗaya ake jefa komai a ciki. Don haka a gida za a yi shi, da naman da na san mahaucinsa.

Talata, 8 ga Oktoba

Na tare tsohuwar da ke hawa na biyu, wadda yara ke kira Kaka, a bakin akwatunan wasiƙa. Haifaffiyar Viyana ce, kuma da na ambaci abin da nake son koya sai ta ajiye jakarta a ƙasa, alamar magana za ta yi tsawo.

"Makwabciya," in ji ta, "kowa ya iya soya nama da garin burodi. Abin da ake nema shi ne ɓawon ya rabu da naman. Ya tashi, ya yi tudu da kwari, har ki iya zura wuƙa tsakaninsu ba ki taɓa ko ɗaya ba. In ya manne, ki ba yara su ci, amma kada ki kira shi na Viyana."

Ta ƙara da abin da mutanensu ke faɗa, wai shinitsel na kirki ko an zauna a kansa ba zai bar maiƙo a wando ba. Na gane yanzu aikin biyu ne: kumburi da rashin maiƙo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na hau jirgin ƙasa na cikin gari, layin U6, zuwa kasuwar Brunnenmarkt a unguwar Ottakring, gunduma ta 16, inda mahautan Turkawa suke jere. Nan nake sayen nama dama, amma ban taɓa neman maraƙi ba. Mahaucin ya tambaye ni me zan yi da shi, da na ce shinitsel sai ya ɗauko tsokar cikin cinya, wadda ba ta da jijiya ko kitse. Ya ce, "'Yar'uwa, wannan ake yi da shi. Kafaɗa ta miya ce."

Launin naman ya ba ni mamaki, fari-fari ne mai ɗan ja, ba kamar naman sa da muka saba ba. A dokar Tarayyar Turai, abin da ake sayarwa da sunan maraƙi a nan bai kai wata 8 ba. Daga wata 8 zuwa 12 wani suna ake ba shi, kuma namansa ya fi ja. Ƙuruciyar ce ta sa yake da laushin da minti biyu ko uku a mai ya ishe shi. Ita ce kuma ta sa yake da tsada. Na biya ina lissafin kajin da kuɗin zai saya.

Ya yanka mini a gicciye, ba bin tsawon zaren naman ba, kowane yanki kaurinsa bai kai yatsa ba. Ya ce sauran aikin na guduma ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gwajin farko, da garin burodi na leda da man sunfulawa. Ɓawon ya manne wa naman gam, ya yi baƙi-baƙi a inda ya taɓa gindin kasko, gefe kuma fari ne. Da na ɗaga shi daga faranti ƙasansa ya jiƙe. Yara sun cinye tas, har auta na suɗe yatsu. Abbansu ya barbaɗa yaji ya ce shi bai ga abin da ya rage ba. Ni na gani.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na kai wa Kaka hoton a waya. Kallo ɗaya ta yi ta ce man ya yi kaɗan, kuma na danna garin da tafin hannu. Duka biyun haka aka yi.

Da ta yi mini bayani, na ɗan ƙara karatu a kai, sai abin ya zauna mini a kai. Kumburin nan tururi ne. Fulawa tana shiga tsakanin nama da ƙwai don kada su haɗe. Da an jefa a mai mai zafi, ƙwan yana daskarewa nan take ya zama rufi, garin burodin ya ba shi ƙarfi. Ruwan da ke jikin naman ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, sai ya ɗaga rufin. Duk abin da zai hana wannan shi ne abokin gaba. In an danna garin, an liƙe rufin da naman. In akwai inda fulawa ko ƙwai bai taɓa ba, ko an soke shi da cokali mai yatsu, tururin ya samu kafa. In an shafa garin aka bar shi yana jira, zai sha ruwan naman ya yi laushi kafin ya ga wuta. In man bai kai ya ɗaga naman ba, ƙasa na ƙonewa, sama kuma bai rufe ba. Man dai sai ya yi yawa kamar za a soya ƙosai, zurfin santimita 2 zuwa 3.

Na sayi ma'aunin zafi na girki. Ana so man ya tsaya tsakanin digiri 160 da 170. Ƙasa da haka ɓawon ya sha mai, sama da haka ya yi duhu kafin ya tashi.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Gobe ranar ƙasa ce a Ostiriya, shaguna a rufe, jibi kuma Lahadi, su ma a rufe. Wanda bai yi cefane yau ba sai Litinin. Na kwaso bota da burodi.

Yau ranar mai ce. Waɗanda ba sa amfani da kitsen alade a nan da tataccen man bota suke soya shinitsel, kuma da na karanta yadda ake yin sa sai na yi dariya ni kaɗai, don man shanu ne. Botar kanti kashi 82 cikin 100 mai ce, sauran ruwa ne da ɗan abin madara. Wannan abin madarar shi ke ƙonewa ya yi ɗaci in an soya abu da bota kai tsaye. In aka narkar da ita a ƙaramar wuta, ruwan ya ƙone, kumfa ta taso a kwashe, gari-garin ya kwanta a ƙasa, sai a tace da ƙyalle mai tsabta. Abin da ya rage yana jure zafin da bota ba ta iya jurewa, kuma yana daɗewa bai lalace ba. Kowane ƙunshi mai giram 250 ya ba ni wajen giram 200.

Na kira Hajiya ina cikin aikin, na juya mata kyamara. Ta ce, "Ke 'yar nan, ina albasar? Haka za ki bar shi da ƙarni?" Na ce mata wannan ba a sa masa albasa. Ta ce to Allah ya kyauta. Tana da gaskiyarta: man shanun gida daga nonon da ya yi tsami ake kaɗo shi, yana da ƙarfin ƙamshi, shi ya sa ake soya shi da albasa. Botar nan ba ta da wannan ƙarfin, man da ta bayar mai sanyin ƙamshi ne. Ina da ɗan kwalbar na gida da aka kawo mini daga Zariya, na ɗan yi tunanin gwada shi, na fasa. Zai danne ɗanɗanon maraƙin, kuma ban da zuciyar ƙarar da shi a suya ɗaya. Na tuwo ne.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Man shanu, zurfi yadda ya kamata, ban danna garin ba. Launi ya yi kyau, ruwan zinari ko'ina, ƙamshi ya cika gidan har bene. A gefe ɗaya na yanki na biyu ɓawon ya ɗan tashi, sauran a manne. Maiƙon dai ya tafi. Garin ledar ne nake zargi yanzu, ya cika laushi, ya zama ɓawo mai tauri.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Garin burodi. Mutanen nan daga ɗan ƙaramin farin burodinsu mai zagaye suke yin sa, wanda ake kira Kaisersemmel, mai tsaga biyar a ka. Na duba abin da aka haɗa shi da shi kafin in saya, kamar yadda nake yi wa kowane burodi a ƙasar nan, don akwai gashe-gashen da ake sa wa kitsen alade. Na yayyanka, na shanya a kan tire kusa da hitar ɗaki tun farkon mako har ya bushe ƙamas. Ba a gasa shi, in an gasa zai yi saurin ƙonewa a mai. Na goga rabi a abin goga kuɓewa, rabi na niƙa a bilenda, na tankaɗe kowanne da rariya mai ɗan faɗin ido. Na gogawar ya fi kyau, ƙwayoyinsa ba su zama ƙura ba. Ya ci mini fatar yatsa kaɗan.

Fulawa ma iri biyu ce a kantunan nan, mai santsi da mai ɗan tsaki-tsaki a hannu. Kaka ta ce ta biyun ake so, ba ta dunƙulewa a jikin nama.

Da yamma babbar 'yata ta zo da labarin da ta ji, wai wani babban kwamandan sojan Ostiriya, Radetzky, shi ya kawo girkin daga Milan ya ba masu dafa wa sarki. Labarin ya bazu sosai, har a takardun abinci ana buga shi. Radetzky dai ya yi zama a Milan, can ma ya rasu a 1858, kuma mutanen Milan suna da nasu soyayyen naman maraƙi da garin burodi, sai dai nasu da ƙashin haƙarƙari a jiki. Amma wani masanin harshe ɗan Ostiriya, Heinz-Dieter Pohl, ya bi diddigin labarin bai samu wata takarda ta zamanin da ta tabbatar da shi ba. A ƙarni na 20 aka fara yaɗa shi. Mutanen Viyana sun daɗe suna soya kaza da garin burodi tun kafin wannan lokaci, ba su buƙaci soja ya koya musu ba. Na ce mata ta faɗa wa wanda ya ba ta labarin, amma cikin ladabi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ya tashi.

Ga yadda na yi, dalla-dalla, don kada in manta. Na fitar da naman daga firiji ya huce. Na sa kowane yanki tsakanin leda biyu na buga da gefen guduma mai santsi, daga tsakiya zuwa baki, har ya koma kamar milimita 4 ko 5. Gefen mai haƙora yana yaga nama, ban taɓa shi ba. Na ɗan tsaga bakin naman wuri biyu-uku da wuƙa don kada ya nannaɗe a mai. Na ɗora man a wuta tun kafin in fara shafe-shafe, faranti uku a jere kusa da murhu. Gishiri kaɗan a kan naman, sannan na jiƙa hannu na shafa masa ruwa sama-sama, dabarar da Kaka ta ba ni don tururin ya ƙaru. Fulawa ko'ina har gefuna, na kakkaɓe. Ƙwai da cokali mai yatsu kawai na kaɗa, ba sosai ba, ana iya ganin farin da gwaiduwar ba su gama haɗuwa ba. Sai garin burodi: na kwantar da naman a kai, na watsa masa wani a sama, na juya, na ɗaga na girgiza. Daga nan kai tsaye cikin mai, digiri 170.

Abin da ban taɓa yi ba sai yau shi ne girgiza kaskon. Ana riƙe mariƙin a riƙa kai shi gaba da baya a hankali ba tsayawa, man yana hawa kan naman yana sauka. Haka saman ke rufewa tun kafin a juya. Ina cikin yi na ga ɓawon yana ɗagowa wuri-wuri, yana yin ƙunduma-ƙunduma. Na juya da mataci da bayan cokali, ban soke shi ba. Minti biyu da ɗan wani abu kowane gefe. Na tsane shi a takardar girki.

Na aika auta ya kira Kaka. Da ma na gaya mata naman yankan Musulmi ne, ta ce ita maraƙi maraƙi ne. Ta zauna, ta zura wuƙa a ƙarƙashin ɓawon, wuƙar ta shige. Ta matsa lemun tsami, ta ci loma biyu ba ta ce komai ba, sannan ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Daga bakinta wannan yabo ne.

Yanki na ƙarshe bai kai na farko kyau ba. Ɓarɓashin da ya zube a man ya ƙone ya manne masa, ya ba shi ɗigo-ɗigon baƙi. Sai na riƙa tsame su da ƙaramar rariya tsakanin yanki da yanki.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An yi 'yar muhawara a tebur. Abban yara ya ce abin ya bushe masa, in kawo miyar jiya ya zuba. Na ce masa, "Abban yara, duk wahalar da na sha don ɓawon nan ya yi rumui ne, za ka jiƙa shi?" A Jamus ana yin wani iri da ake kwarara wa miyar naman kaza, wato naman kazan nan da ke tsirowa a ƙasa, mutanen Viyana kuwa suna ganin wannan ɓarna ce, kuma a wannan karon ina bayansu. Yaji na yarda da shi, busasshe ne, ba ya ɓata komai, kuma gaskiya yana yi masa kyau. Mun tsaya a kan miya a ƙaramin kwano a gefe, mai so ya dangwala.

Maganarsa dai ta nuna mini abin da ya rage. Ba a cin shinitsel shi kaɗai, akwai abin da ke kawo masa danshi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kwaɗon dankalin turawa, abokin tafiyarsa a Viyana. Ba mayonis a cikinsa. Dankali mai ƙarfin jiki ake nema, wanda ba ya farfashewa, an rubuta a jikin buhun. Na dafa shi da ɓawonsa, na ɓare da zafinsa ina hura yatsu, na yanka shi zagaye-zagaye. Na haɗa romon ƙashin sa mai ɗumi da ruwan kal na tuffa, mastad, gishiri, sukari kaɗan da yankakkiyar jar albasa, na zuba a kan dankalin tun yana da ɗumi don ya sha. Mai a ƙarshe ake sawa, in an fara da shi zai rufe dankalin ya hana romon shiga. Bayan rabin awa na juya, sitacin dankalin ya haɗe da romon ya yi ɗan kauri mai santsi. Romon nawa ne na dafa, mastad ɗin ma sai da na karanta kwalbar, don akwai waɗanda ake zuba wa giya.

Tsaminsa ne ke yanke nauyin man shanun. Abban yara bai nemi miya ba. Akwai kuma wani jan jam mai tsami-tsami na 'ya'yan itacen daji da suke ajiyewa a gefen faranti. Yara suna so, ni nama da zaƙi bai kama ni ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Aljihu ba zai ɗauki maraƙi kowace Lahadi ba, don haka na koma ƙirjin talo-talo, wanda su ma 'yan ƙasar ke yi da shi sosai. Yana da sauƙin bugawa, har ya fi son yagewa, sai an sassauta hannu. Ya kumbura, amma bai kai na maraƙi ba, kuma in ya wuce lokacinsa da ɗan kaɗan sai ya bushe. Tsuntsu kuma ba a barin cikinsa da ja, dole ya nuna sarai, shi ya sa na fi kula da kaurin ya zo daidai ko'ina. Yara ba su bambance ba. Na maraƙi ya zama na baƙi da ranakun farin ciki.

Na kuma rage tsadar man: rabi man sunfulawa, rabi man shanu. Ƙamshin yana nan, kumburin bai canja ba. Bayan suya ina tace shi da ƙyalle in ajiye a firiji, ya sake yin wani zagaye kafin ya fara ƙauri.

Lahadi, 15 ga Disamba

Matsalar da ban warware ba ita ce yawa. Kaskona yanki ɗaya yake ɗauka, in na sa biyu zafin man ya faɗi. Kafin in gama na biyar na farko ya huce, kuma ni ce ke ci a tsaye bayan kowa ya tashi. Na gwada ajiye su a obin mai ɗan ɗumi a kan ragar ƙarfe, ba a ɗora wani kan wani ba, ƙofar a ɗan buɗe. Sun riƙe zafi, amma tudun ya ɗan sauka bayan minti goma. Rufe su da faranti ya fi komai muni, tururi ya jiƙa su sharaf.

Muna da baƙi ƙarshen wata, iyali biyu 'yan gida. Sai dai in ari babban kaskon Kaka, wanda zan fara tambayar ta abin da aka taɓa soyawa a cikinsa, ko in sayi nawa in kunna murhu biyu, babbar 'yata na shafa gari ni ina girgiza. Na riga na ce wa mahaucin ya ajiye mini tsokar cinya ranar 27, burodi kuma yana kan tire yana bushewa. Bayan baƙi sun tafi zan shiga soyayyar kazar Viyana, wadda ake yi da ƙashinta, kuma ita sai an rage wuta an ƙara lokaci.